Farantin sulke: in harba ɗaya in gani, ko in yarda da rubutun da ke bayansa?

Mai_Rakiya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan da gaske, ba 'yan kallon bidiyo irina ba.

Aikin rakiyar kaya nake yi a wani kamfanin tsaro, kuma yanzu ni aka ɗora wa duba kayan kariyar yaranmu. An kawo mana sababbin farantan sulke, irin waɗanda ake zurawa a aljihun riga, ɗaya a ƙirji ɗaya a baya. Iri biyu ne. Na farko ƙarfe ne, siriri amma da nauyin tsiya, an shafe shi da wani baƙin abu mai kaushi, a bayansa an rubuta III+. Na biyu kauri gare shi amma ba nauyi, da yatsu biyu kana ɗaga shi, shi kuma an rubuta III. Takardar da ta zo da su ta ce dukkansu an gwada su bisa ma'aunin NIJ. Ban da waɗannan, akwai tsofaffi na tangaran a sito masu lamba IV, waɗanda na tabbata sun sha faɗowa daga bayan mota, amma a ido lafiyarsu ƙalau.

Kan yaran ya rabu. Kowa na son mara nauyin saboda daɗewar da ake yi a tsaye, amma wasu sun dage cewa abin da ba shi da nauyi haka ba zai tare harsashin babbar bindiga ba. Ogana ya ce in ɗauki ɗaya-ɗaya mu je filin da muke atisayen harbi, mu ɗirka musu, wanda harsashi bai fasa ba shi ke nan an gama magana.

Tambayata, wannan gwajin ya isa? In harsashi bai fita ta baya ba, zan iya ce wa mutum ya ɗaura a ƙirjinsa hankali kwance? Kuma me wannan alamar tarawa da ke gaban III take nufi? Ni ne zan sa hannu a takarda, shi ya sa abin ya tsaya min a rai.

Ɗan_Filin_Harbi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Oga, gani ya kori ji. Takarda kowa na iya bugawa, lamba kowa na iya mannawa. Ɗauki ɗaya daga kowane iri ka harba da irin bindigar da kuke tsoron a harbe ku da ita. Abu ɗaya kawai: kada kowa ya tsaya kusa da na ƙarfen, domin harsashi in ya daki ƙarfe tarwatsewa yake yi, ɓarɓashinsa kuma bai san mai gwaji ba. Kowa ya sa tabarau, a ja baya sosai. Kuma don Allah kada wani ya ce zai sa rigar a jikinsa a harbe shi don nuna jarumta.

Injiniya_Bala ya amsa:

Malam Mai Rakiya, sannu da ƙoƙari. Aikina gwajin ƙarfin kayan ƙira ne, don haka bari in ɗan tsawaita, ka yi haƙuri da ni.

Fara da lambobin. NIJ cibiya ce a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta Amurka, kuma ma'auninta mai lamba 0101.06, na shekarar 2008, shi ake bi wajen matakan da kake gani a yawancin farantai. A cikinsa mataki na III na nufin abu guda tak: farantin ya tare harsashin babbar bindiga 7.62x51 samfurin M80, mai nauyin giram 9.6, yana gudun mita 847 a sakan, harbi shida a faranti ɗaya. Mataki na IV kuma na nufin ya tare harsashin .30-06 samfurin M2 mai fasa sulke, giram 10.8, a gudun mita 878 a sakan, kuma ko harbi ɗaya a kowane faranti ya wadatar a ba shi wannan lambar. Shi ya sa ba lallai ne IV ya fi III jure harbi da yawa ba. Kowanne da abin da aka tambaye shi.

III+ kuwa babu shi a ma'aunin NIJ ko kaɗan. Masu ƙera farantai ne suka ƙirƙiro shi, suna nufin nasu ya tare M80 da wasu harsasai ƙari. Waɗanne? Sai ka tambaye su, domin III+ ɗin wannan kamfani daban yake da na wancan.

Dalilin da ya sa aka buƙaci wannan ƙarin shi ne abin da ya fi shafarka. Mutane na ɗauka harsashi babba ya fi ƙarami haɗari ga sulke, alhali ba kullum haka abin yake ba. Farantinka na ƙarfe zai iya tare M80 hankalinsa kwance, amma ɗan ƙaramin harsashin 5.56 samfurin M193, wanda bai kai giram 4 ba, in ya fito daga dogon bututu yana gudun kusan mita 990 a sakan, yana iya yanke ƙarfen ya wuce, ya bar rami tsaf. Gudu ne ke cin ƙarfe. Shi kuma mara nauyin naka, wanda nake kyautata zaton zaren roba ne mai suna UHMWPE da aka danne shi shimfiɗa kan shimfiɗa, irin su Dyneema ko Spectra, yana kama M193 da M80 da kyau, domin harsashi mai cikin dalma lanƙwashewa yake yi ya maƙale a cikin zaren. Amma 5.56 samfurin M855, mai koren kai, yana da ɗan tsinin ƙarfe a gabansa, kuma sananne ne cewa yakan ratsa farantin roba zalla. To ka ga farantai biyu, dukkansu sun cancanci III, kowanne da harsashin da ke kayar da shi, kuma harsasan biyu daga bindiga iri ɗaya suke fita. In ka je fili da harsashi iri ɗaya, za ka iya dawowa da hukuncin da ya juya gaskiya.

NIJ da kanta ta ga wannan giɓin. A ƙarshen 2023 ta fitar da sabon ma'auni, 0101.07, aka canza sunayen matakan. Na ƙananan bindigogi suka koma HG1 da HG2, na manya kuma RF1, RF2 da RF3. RF1 ya haɗa M80 da M193 da harsashin 7.62x39 mai cikin ƙarfe mai taushi, wato na AK. RF2 ya ƙara M855 a kai. RF3 shi ne tsohon IV. In ka ga RF2, ka san abin da aka harba. In ka ga III+, ka san abin da mai talla yake so ka ji.

Yanzu ga abin da ɗakin gwaji ke yi wanda fili ba ya yi.

Kafin a harba ko ɗaya, sai an wahalar da farantin. A ƙa'idar 0101.06 yana kwana goma a zafin digiri 65 da danshi kashi 80 cikin ɗari. Daga nan a yi ta kai shi da komo tsakanin sanyin digiri 15 ƙasa da sifili da zafin digiri 90. A ɗaure shi da nauyi a bayansa a sake shi ya faɗi da fuska a kan daɓe mai tauri. Sannan a nutsar da shi a ruwa minti 30. Sai bayan duk wannan ake harbinsa. Sabon faranti da aka ciro daga kwali yau ba shi ne wanda yaronka zai sa ba bayan ya sha gumi da rana da jifa a bayan mota.

Kuma ba a banza aka tsananta haka ba. A 2003, a wani gari mai suna Forest Hills a jihar Fensilbaniya, an harbi wani ɗan sanda da ƙaramar bindiga, harsashin ya ratsa rigar da aka yi da zaren Zylon, rigar da ta ci gwaji kuma ba ta kai shekara ɗaya da ƙerawa ba. Bincike ya nuna zaren na rasa ƙarfinsa da danshi da haske. Wannan lamari na cikin abin da ya haifar da tsarin wahalar da sulke kafin harbi. Akwai kuma Dragon Skin, sulken da aka jera masa ƙananan faya-fayan tangaran suna hawa kan juna. Ya yi suna ƙwarai a talabijin, ana ta ɗirka masa harsasai yana tarewa. Da rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta gwada shi a 2006, har da gwajin zafi da sanyi, ta ce harbi 13 cikin 48 sun ratsa, gam ɗin da ke riƙe faya-fayan ya saki a zafi suka zame. A 2007 NIJ ta cire shi daga jerin kayan da ta amince da su. Duk wanda ya kalli bidiyonsa a lokacin zai rantse babu kamarsa.

Harbin kansa ma da ƙa'ida. Tazara mita 15 ce ga manyan bindigogi. Kowane harsashi sai ya bi ta na'urar auna gudu, in ya gaza gudun da aka gindaya, ba a lissafa tarewar. Ba ma bindigar hannu ake amfani da ita ba, bututun gwaji ne da aka kafe a kan teburi, ana auna albarushin kowane kwanso don gudun ya daidaita. Kai kuwa a fili ba ka san gudun harsashinka ba. Gajeren bututu kaɗai ya isa ya rage gudun har farantin da ya kamata ya faɗi ya tsallake. Akwai tazarar milimita 51 da ake bari daga gefen faranti, da kuma tsakanin harbi da harbi.

Sai abin da ke bayan farantin. Ana ɗaure shi ne a jikin akwatin yumɓu na musamman, Roma Plastilina lamba 1, wanda aka ɗumama. Shi kansa yumɓun sai an gwada shi: a saki ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo ɗaya da 'yan kai daga tsayin mita 2, lotsawar da ya yi ta zama wajen milimita 19. In ya yi tauri ko taushi fiye da haka, ba a fara aiki. Bayan harbi a auna zurfin ramin da bayan farantin ya yi a yumɓun, kada ya wuce milimita 44. Ma'aunin VPAM na Jamus ya fi tsanani a nan, milimita 25 yake bari. In ka jingina faranti da taya ko buhun yashi, wannan awon ya ɓace maka gaba ɗaya, kuma taurin abin da ke baya yana canza yadda farantin kansa ke karɓar duka.

Na ƙarshe lissafi ne, kuma shi ne mutane suka fi ƙi. A ce kana son ka tabbata, tabbacin kashi 90 cikin ɗari, cewa farantin na tare aƙalla harsashi tara cikin goma. Sai ka yi harbi 22 ba tare da ko ɗaya ya ratsa ba. Tara cikin goma fa, wanda ba wani abin alfahari ba ne ga abin da ke tsare zuciya. Faranti ɗaya da harbi biyu ko uku bai gaya maka komai a kan sauran da ke kwali ba.

Dakta_Hauwa ta amsa:

Injiniya ya ƙure bayanin ƙarfe, bari in ƙara na jiki, tunda mu ake kawo wa mutum bayan an ce sulke ya cece shi.

Milimita 44 ɗin nan kada a ɗauke ta a matsayin iyakar lafiya. Asalinta gwaje-gwajen da sojan Amurka suka yi a kan awaki ne a shekarun 1970, da harsashin ƙaramar bindiga .38 mai tafiya a hankali, a kan sulke mai laushi, wato rigar zare marar faranti. An sa ta ne a matsayin iyakar da galibi mutum zai rayu, ba iyakar da zai tashi ya kakkaɓe riga ba. Ka auna santimita huɗu da rabi da yatsunka, ka ɗora a ƙirjinka, ka yi tunanin an danna shi ciki haka cikin ƙiftawar ido. Haƙarƙari na karyewa, huhu na ƙujewa ya tara jini, hanta na iya tsagewa, in a saitin zuciya ne bugunta na iya rikicewa. Ba ya cilla mutum sama yadda ake nunawa a finafinai, amma ciwon na ciki ne, kuma wani ba ya bayyana sai bayan awanni.

Na ƙarfe kuma matsalarsa daban. Ba ya lotsawa sosai, amma harsashin da ya fashe a fuskarsa yana watsuwa ta gefe-gefe, sama da ƙasa. Sama akwai wuya da haɓa, gefe akwai hannuwa, ƙasa akwai cinyoyi in mutum na zaune a mota. Wannan baƙin shafen mai kaushi don kama ɓarɓashin aka yi shi. In za ku harba, Malam, ku kewaye farantin da kwali ta kowane gefe, ku ƙirga hujin da za ku gani a kwalin bayan harbi na farko, sannan bayan na uku. Siririn shafe yakan ɓare da wuri.

Ka kuma gaya wa yaranka abu biyu. Saman farantin gaba ya zauna daidai ɗan ramin da ke ƙasan maƙogwaro, ba ya rataya a kan tumbi ba, domin manyan jijiyoyin jini a sama suke. Kuma duk wanda harsashi ya daki farantinsa asibiti zai tafi ranar, ko da yana dariya.

Mai_Rakiya ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Dakta. Jikina ya yi sanyi. Na koma na karanta bayan farantan da kyau. A mara nauyin, ƙasan III ɗin, akwai wasu ƙananan haruffa uku, ICW, waɗanda da farko na ɗauka lambar kamfani ce. Sannan na nemi mai kawo kayan ya ba ni rahoton gwaji, sai ya turo min shafi ɗaya mai hoton faranti da ramuka, babu sunan ɗakin gwaji, babu gudun harsashi. To yanzu in fasa zuwa filin ke nan? Kuma tsofaffin na tangaran fa, in zubar?

Ɗan_Filin_Harbi ya sake amsawa:

Ni dai har yanzu ina kan bakata. Duk abin da Injiniya ya lissafa gaskiya ne, amma ɗakin gwaji farantin da kamfani ya zaɓa ya aika masa yake harbi. Wanda ke hannun Mai Rakiya fa, wa ya gwada shi? Jabu ya cika duniya. In an cusa katako a cikin leda an rubuta III, ba takardar da za ta tona shi sai harsashi.

Injiniya_Bala ya sake amsawa:

Ɗan Fili, a nan kam muna tare, kuma ban ce kada a harba ba. Harbin fili yana iya kayar da faranti, amma ba ya iya wanke shi. In harsashin da aka ce yana tarewa ya ratsa, an gama, a mayar da kayan duka. In bai ratsa ba, abin da ka sani kawai shi ne ba katako ba ne. Ka harba don kama jabu, kada ka harba don sa hannu. Game da zaɓen kamfani kuma, shi ya sa shirin NIJ bai tsaya a gwajin farko ba, ana komawa lokaci-lokaci a ɗebo samfuri daga abin da masana'anta ke fitarwa a sake harbi, wanda ya faɗi a ɗauki mataki a kansa.

Malam Mai Rakiya, ICW ɗin nan babbar magana ce. Tana nufin farantin bai kai matakin da aka rubuta ba sai an sa shi a kan sulke mai laushi, galibi mataki na IIIA, wato mai tare harsashin ƙaramar bindiga, kuma wanda aka gwada su tare. In rigunanku aljihu ne kawai babu laushin a ciki, to yaranka ba III suke sanye da shi ba. Duba wannan kafin komai.

Sannan ka lura da lafazin takardar. An gwada bisa ma'aunin NIJ daban, NIJ ta amince daban. Na farko kowa na iya faɗa, ko da gwajin ya tsallake zafi da ruwa da faɗuwa, ko ma an faɗi. Na biyu yana nufin samfurin na cikin jerin kayan da cibiyar ta wallafa a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Da lambar samfurin za ka nema, ba da sunan kamfani ba, domin kamfani ɗaya na iya samun faranti ɗaya a jerin, sauran ba sa ciki. In babu shi, ba lallai jabu ne ba, akwai masu bin ma'aunin wasu ƙasashe. Amma sai su ba ka cikakken rahoto: sunan ɗakin gwaji mai zaman kansa, kwanan wata, lambar samfuri da ta rukunin ƙira, irin harsashi, gudun kowane harbi ɗaya bayan ɗaya, zurfin lotsawa, da ko an wahalar da farantin kafin harbi. Ka kuma tuntuɓi ɗakin gwajin da kanka su tabbatar rahoton nasu ne. Hoton ramuka ba rahoto ba ne. In odar na da yawa, ka ɗebo 'yan farantai da hannunka daga kwalaye daban-daban, kada mai kaya ya zaɓar maka, ka aika ɗakin gwaji a harba su da harsasan da kuka fi fuskanta.

Na tangaran kada ka yi saurin zubarwa, kada kuma ka raba wa mutane. Tangaran, ko alumina ne ko silikon kabaid ko boron kabaid, aikinsa ya fi harsashi tauri, ya farfasa tsininsa, shi ma ya farfashe, sai shimfiɗar zaren da ke bayansa ta kama tarkacen. In ya riga ya tsage a ciki, wurin tsagar ya raunana, kuma rigar da ke lulluɓe da shi ba za ta nuna maka ba. Ka riƙe kowanne ka ɗan murɗa shi kusa da kunnenka, ka girgiza. In ka ji ƙas-ƙas ko motsin tsakuwa, ajiye shi gefe. Ka bi gefunansa da yatsa kana matsawa, ka ƙwanƙwasa bayansa da wani ɗan ƙarfe: amo mai kaifi alama ce shimfiɗun na manne, amo a dushe kuma alama ce sun rabu. Wannan ma kama mai laifi yake yi, ba ya wanke kowa. Sojan Amurka hoton eksire suke ɗaukar farantansu don gano tsagar da ido da kunne ba sa kamawa, kuma duk inda ake da na'urar hoton ƙashi ana iya yin haka in masu ita sun yarda. Ka duba kwanan ƙira da wa'adin garantin da ke jikinsu tun kafin ka wahalar da kanka.

Mara nauyin kuma a daina barinsa a cikin rufaffiyar mota a rana ko kusa da injin. Zaren roba ne, zafi mai yawa na sassauta shi tun kafin ya kai ga narkewa.

Mai_Rakiya ya rufe da cewa:

Na gode ƙwarai. Na duba rigunan, babu laushin a ciki, don haka na dakatar da raba marasa nauyin har sai an kawo wanda ya dace da su. Na rubuta wa mai kaya ya turo cikakken rahoto da jerin harsasan da III+ ɗinsa ke nufi. Filin za mu je, da kwalayen Dakta da tabarau ɗin Ɗan Fili, amma na gaya wa Oga sakamakonsa ba zai shiga takardar da zan sa wa hannu ba sai in wani ya fashe. Na tangaran na murɗa su jiya, biyu sun yi ƙara, na ware su. Sauran suna jiran hoto.